Baba Manzo, mai duban tsoffin sulalla

Da hantsi Baba Manzo yake shimfiɗa buzunsa a bakin rumfar maƙera, cikin kasuwar Tawa. Sai ya goge ɗan gilashinsa mai ƙara girman abu da gefen rawani, ya jira masu kawo tsoffin sulalla. Kafin a narka sule a yi awarwaro, shi ke dubawa ko akwai kuskuren bugu a jikinsa: rubutu da ya fito biyu, ko hoto da ya karkace. Irin waɗannan masu tara tsoffin kuɗi ke nema. Mu kuwa “mai duban tsatsa” muke ce masa, muna dariya.

Maƙeran rumfar sun shaida ranar da Raƙiya ta zo daga Barmu da ƙanwar mijinta, Zuhura. Uwar Zuhura ta rasu ta bar mata sulen azurfa amana a hannun Raƙiya. Da Zuhura ta karɓa ta ga layi ya ratsa shi, sai ta ce an musanya mata da jabu. Magana ta cika gari, har Raƙiya ta daina zuwa rijiya.

Baba ya daɗe yana juya sulen, sannan ya ce wa Zuhura, “Ɗiyata, taɓa nan. Layin ga ya nutse ko ya taso?”

“Ya taso, Baba.”

“To ƙarhen da anka buga shi da shi ne ya tsage. Da wanga tabo ya hito tun hwarko. Azurhwa ce tsantsa, kada ki bari a narka shi.”

Zuhura ta durƙusa a gaban jama'a ta ce, “Yaya, ki gahwarta mini.”

Baba Manzo, kai ne ka mayar wa Raƙiya mutuncinta. Yau yanar ido ta kusa rufe maka gani, kana shirin naɗe buzu. Tun damina kake laluben sule da yatsa, muna gaishe ka muna wucewa, babu wanda ya ce zo mu tafi asibiti. Babu kuma wanda ya zauna ya koya. Abin kunya ne gare mu, mutanen Tawa.

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Jama'a, a kai shi ga likita, kuma mai son gaskiya irin tasa ya je ya zauna kusa da shi. Har yanzu idon hagunsa yana gani.