Geron da muka binne a bayan dutse

Jiya da la'asar muna zaune a ajin yaƙi da jahilci nan Matameye, sai iska ta shigo da ƙanshin ƙasar da ruwa ya taɓa. Kowa ya ɗaga kai yana murna. Ni kuwa na ajiye alli, hankalina ya koma ƙauyenmu.

Ƙauyen yana can wajen Kurni, a bayan wani dutse, gidajensa ba su da yawa. Hadari kan taso baƙi ƙirin, in ya iso kan dutsen ya rabu biyu, ya je ya zuba wa wasu. Shi ya sa muke da geronmu na kanmu, ɗan gajere mai jan ƙwaya, wanda ke nuna da wuri ko da ruwa ya yi ƙaranci. Kakana, mahaifin Baba, shi ke ajiye irin. Da hannunsa yake zaɓen zangarniya, ya ɗaure ta daban a cikin rumbu.

Wata shekara Baba ya tafi cin rani Kano, ya aiko mana da rediyo. Lokacin idon Kaka ya dushe. Da can yakan hau dutse da sassafe ya dubi gabas, ya dawo ya ce a shuka ko a jira. Yanzu sai rediyo ta zama idonsa. Kullum bayan magariba mu biyu ne a ƙofar gida, mai bayanin yanayi yana kiran Damagaram, Magarya, Matameye.

"Kai, abokina, ka ji ya kira mu?"

"Bai kira ba, Kaka."

"Zai iso. Masu haraji ma ai ba su taɓa ɓata hanya ba."

Ana nan sai rediyo ta ce ruwa mai ƙarfi na tafe ƙasar Matameye. Kaka ya ce gobe za a yi binne, wato a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Inna ta durƙusa gaban Kaka ta ce masa, "Baba, a rage ko ƙwarya guda."

Ya ce, "Matameye aka ce. Mu ba ƙasar Matameye ba ne?"

Yana sara da sungumi, ina bin sa ina zuba iri ina rufewa da diddige, har ƙwarya ta ƙarshe.

Ruwan ya zo kuwa. Waɗanda suka dawo daga kasuwar Matameye sun ce har ƙwauri suka taka shi. Mu yayyafi muka samu, daidai wanda zai tashi iri daga barci. Gero ya tsiro siriri, rana ta buɗe, ya kwanta. Na ga Kaka a durƙushe cikin gona yana lalube rami bayan rami. Bai zagi kowa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Gaskiya mutumin ya faɗa. Ba da mu yake ba."

Da Baba ya dawo ya sayo iri a kasuwa, dogon gero mai son ruwa. Bai taɓa cika mana rumbu ba. Kaka ya rasu, maƙwabta suka riƙa tashi gida bayan gida, daga baya mu ma muka sauko.

Yanzu wayar salula ke nuna hadari, ga sunan Matameye a ƙarƙashinsa, har na iya karanta shi da kaina. Gonarmu tana nan, ba mai noma ta. Duk ranar kasuwa, ko a Kurni ko a Icirnawa, nakan bi layin masu hatsi ina tsoma hannu cikin buhu, ina tambayar gajeren gero mai jan ƙwaya. Samarin sukan ce ba su san shi ba. Wani tsoho ne kaɗai ya dube ni ya ce, "Na mutanen bayan dutse? Ai ku ne masu shi."