Yadda muka daina haɗa Dattijo

Har gobe ban manta da ranar Lahadin nan da Ya Falmata ta tafi kasuwar Mirriya ta bar mani makullin ɗakin turare ba. Ku da kuka shigo wannan sana'a jiya-jiya, ku gyara zama ku ji, don kun sha tambayata abin da ya sa ba ma haɗa turaren maza mai ɗumi a gidan nan.

A gidan Ya Falmata, nan cikin Birni, aiki hawa-hawa ne. Sabuwar zuwa daka take yi, kanumfari da kirfa da kajiji, har hannunta ya yi kanta. In ta shekara uku sai a ba ta suya, ta dinga juya icen sandal da hawi a kan wuta. Sama da ita akwai mai haɗi, sama da kowa kuma uwar gida mai makulli. Ni a lokacin mai haɗi ce, shekarata goma sha ɗaya a gidan.

Muna da turare guda na maza, Dattijo muke ce masa. Kwana arba'in yake yi a rufe cikin kwalba kafin a taɓa shi. In aka shafa, yaji ne ke fara fitowa, ya ɗan ciji hanci. Can sai ya lafa, ɗumin kirfa ya taso, daga ƙarshe ice ya zauna a jikin riga har a wanke ta sau biyu. Ba ya cika ɗaki. Sai ka matso gaisuwa kake jin sa.

Doka ɗaya ce a kansa. Duk namijin da ya zo saye, a ɗiga masa a wuyan hannu, a zaunar da shi a zaure har garwashin kasko ya zama toka. Mu ce masa muna jiran mu ji yadda zai zauna da fatarsa, alhali mutumin muke kallo, yadda yake amsa sallama da yadda yake jira. Masu sa shi a garin nan ba su da yawa, irin su Malam Bukar baduku, wanda in ya zauna a bakin rumfarsa masu faɗa kan sassauta murya ba tare da ya ce uffan ba.

Da hantsi mota ta tsaya a ƙofa. Wani Mushe Laminu ne, sabon shef, wato shugaba, a wani biron gwamnati da ba zan kama sunansa ba, wanda aka ɗora wa aikin tashin masu talla daga bakin hanya. Bai yi sallama ba.

"Ke Iya, turaren da tsohon badukun nan ke sawa nake so. Na lura kowa na jin maganarsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bismilla, ga tabarma." Na ɗiga masa, na kawo kasko.

Wai zama! Kamar an ɗora shi a kan ƙaya. Ya ciro talho ya buga waya ya zagi wani, ya leƙa waje ya zagi shofer mai tuƙa shi, ya dawo ya sunsuna hannu ya ce, "Wannan ai kayan miya ne." Na ce ya dakata, ice bai fito ba tukuna. Ya ce shi ba shi da lokacin jiran ice. Sannan ya dubi 'yar rumfarmu ta ƙofar gida, ya ce, "Wannan ma kamar ta shigo hanya, ko?"

Ba zan ɗora wa tsoro laifin duka ba. Na ji tsoro, gaskiya ne, amma har da jin daɗin cewa yau ni ce mai makulli kuma babban mutum ni yake tambaya. Garwashi na ja wur na miƙa masa kwalba biyu.

Da Ya Falmata ta dawo na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Zara, ya zauna?" Na ce bai zauna ba. Ta karɓi makullinta ta shige ɗaki.

Shi kuwa gogan, abin da ake ɗigawa shi ya dinga kwarawa, a wuya, a hula, har a kujerar mota. Kullum da safe ya fita da kamyo, babbar motar kaya, da mutanensa, a kifar da tiren wannan, a kwashe teburin waccan, yana tsaye yana nuni da ɗan yatsa yana gumi. Turaren da aka yi don wanda ya matso, shi ya mai da shi jiniya. Kafin wata ya ƙare, masu tuyar ƙosai da masu goro sun haddace shi. Iska na kawo ƙamshin, kowa ya ɗauki kayansa ya arce.

Ranar wata Alhamis sai ga Malam Bukar da kansa, kwalbarsa a hannu, ko rabi ba ta yi ba. Ya gaida Ya Falmata, ya ajiye ta a gabanta.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Ɗazu na bi ta bakin kasuwa zan sayi fata. Wata tsohuwa mai gyaɗa ta ji ƙamshina daga bayanta, ta zabura za ta gudu, ta faɗi, gyaɗar ta watse a kwata. Sa'ar yayata ce. Na tsuguna ina taya ta tsinta, tana ba ni haƙuri, tana ce mani shef."

Ya tashi ya tafi. A satin nan mutum huɗu suka maido da nasu.

Ya Falmata ta kira mu duka, tun daga masu daka. Ta sa na ɗauko kwalabe tara da suka rage, da waɗanda ba su cika arba'in ba. Ta ce, "Ke kika buɗe, ke za ki rufe." Da hannuna na tuttule su a rami bayan gida, na mai da ƙasa. Haɗin da ta gada daga kakarta ta Barno ke nan, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake faɗa wa kowa ma'auninsa ba. Ni na san shi, ban kuwa koya wa kowa ba.

Mushe Laminu ya sake aiko shofer neman wata kwalba. Aka ce masa ya ƙare. Na ji an ce ya koma sayen na kanti, mai hoton doki a kwali, kuma har aka ɗauke shi daga garin nan ba wanda ya taɓa sassauta murya don ya shigo.

Abin da na koya ke nan, 'ya'yana. Turare ba ya ba mutum hali, shi ne ma ke kwasar halin mai shi ya yi ta yawo da shi cikin gari, da sunan gidan da aka haɗa shi. In namiji ya zo maku yana neman ƙamshin da zai sa a ji tsoronsa, ku ba shi ruwa ya sha, ku nuna masa hanyar kanti.