Talotalon da Aka Saya Daga Kanada

Duk wanda ya zauna a Samaru a wancan lokaci ya san Baba Cornelius Dogara mai zuma. Mutumin kudancin Kaduna ne, ya yi shekara talatin yana aiki a gonar gwaji, da ya yi ritaya sai ya kafa tebur a bakin titi yana sayar da zumar da 'yan uwa ke aiko masa daga gida. Dattijo ne a cocinsu, kuma ko allura ya tsinta sai ya zaga layi yana cigiyar mai ita. Matarsa Elizabeth, wadda kowa ke kira Maman Janet, takan ce gaskiyar mijinta ta yi yawa har ta fara ɗaci.

A damunar 2008 ya je Sabon Gari sayen jarkoki, ruwa ya tsare shi a ƙofar wani shagon intanet. Mai shagon, Ejike, haifaffen unguwar ne, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya ba dattijon kujera, ya tambayi sana'arsa, sai ya kama kai.

"Haba Baba! Kana nan kana auna wa ɗalibai a kwalbar magani, alhali Turawa na can suna neman zuma ruwa a jallo? Bari in buɗe maka shafi, in haɗa maka da jakar kuɗi ta intanet. Mutum yana ƙasarsu zai danna, kuɗi su faɗo cikin jakar."

"Ita jakar a ina za ta zauna?"

"A cikin kwamfuta."

"In aka ɗauke wuta fa?"

"Tana nan, Baba."

Cornelius bai gamsu ba, amma ruwan bai tsaya ba, kuma kunya ta hana shi ƙin mutumin da ya ba shi kujera.

Ranar Asabar Ejike ya zo gida da kyamara. Aka jera jarkokin zuma a tsakar gida. To akwai wani talotalo da Maman Janet ke kiwo domin Kirsimeti, mugun tsuntsu wanda ya taɓa koro mai karanta mita har bakin titi. Ana cikin ɗauka ya shigo tsakiya ya baje wutsiya, ya rufe jarkokin kaf. Kafin a kore shi batir ya mutu. Ejike ya ce ba komai, ya ɗora hoton haka nan, ya rubuta a ƙasa da Turanci cewa kayan Zariya ne na asali, a danna a saya.

Wata uku shiru. Sai ga Ejike wata rana a kan acaɓa, tun bai sauka ba yana ihu an yi ciniki.

"Jarka nawa?" in ji Cornelius.

"Ba zuma ta saya ba, Baba. Tsuntsun ta saya."

Wata tsohuwa ce a Kanada, sunanta Winifred, mijinta ya rasu. Ta rubuto cewa ba ta so a aiko mata shi, ba ta kuma yarda a yanka shi ba. Ta raɗa masa sunan marigayin, Brian, domin ta ce kallonsu ɗaya. Abin da take roƙo kawai hoto duk wata.

Da suka je cire kuɗin, kamfanin jakar ya ce mutanen ƙasar nan suna iya karɓa, amma fitarwa tukuna.

Maman Janet ta saurari bayanin tana tsince shinkafa.

"Baban Janet, ka ga kuɗin?"

"Na gan su a gilashi."

"Ka taɓa su?"

Ya girgiza kai.

"To mu ci tsuntsunmu. In matar ta zo, mu ma sai mu nuna mata shi a gilashi."

Cornelius ya kai maganar gaban dattawan coci. Suka yi awa biyu suna ja-in-ja. Wani ya ce cinikin da ba a yi albarka da sallamawa ba ai ba ciniki ba ne. Wani ya tambaya ko matar tana zuwa sujada. A ƙarshe Fasto Celestine ya yanke cewa mata dai ta biya. In hannun mutum ya kasa kaiwa aljihunsa, ba laifin mai saye ba ne. Kirsimetin shekarar busasshen kifi aka ci a gidan, Brian kuwa yana gefe yana tsattsagar dawa.

Sai kuma hidimar hoto. Ejike ya rantse ba zai sake taka gidan ba tun ran da tsuntsun ya sare shi a gwiwa. Don haka farkon kowane wata Cornelius kan sa rigarsa ta Lahadi, ya rungumi talotalo, ya hau acaɓa zuwa Sabon Gari. 'Yan acaɓa suka ce kuɗin mutum biyu zai biya. Wata rana ɗan sanda ya tsayar da su a Kwangila yana tambayar na waye. Cornelius ya zaro takardar da Ejike ya buga masa, mai tambarin kamfani da adireshin Kanada. Ɗan sandan ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ƙame ya sara wa tsuntsun, ya ce su wuce.

Da abin ya ishi Cornelius, ya ce wa Ejike a mayar wa baiwar Allah kuɗinta, kowa ya huta. Aka mayar. Winifred ta ɗauka kunya ce irin ta mutanen kirki, ta sake turowa har da ƙari na abinci. Aka kuma mayarwa, ta kuma ninkawa. A karo na uku Ejike ya ce, "Baba, mu daina, kada mu talauta ta."

A cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke narka kwalta, aka kira Cornelius gidan waya. Ƙunshi ne daga Kanada: rigar sanyi ja da Winifred ta saƙa da hannunta, har da ramukan fukafukai. Mutum huɗu suka danne Brian aka sa masa ita. Hoton ya yi kyau ƙwarai, sai dai yatsan Maman Janet ya yi sati a naɗe.

Ƙarshen 2009 kamfanin jakar ya rufe, da shi da abin da ke ciki. Cornelius bai ji zafi ba, ya ce abin da bai taɓa shiga hannu ba bai san hanyar fita ba. Abin da ya dame shi shirun Winifred. Bai fasa kai tsuntsun hoto ba, har ran da saƙo ya zo daga 'yarta: tsohuwa ta rasu, hotunan Brian na jere a kan gadonta, kuma ta bar wasiyya cewa a ba da shi ga cocin da mai kiwonsa yake zuwa.

Cornelius ya cire hula ya yi addu'a a nan cikin shagon, hawaye na zubo masa. Washegari ya ɗauki Brian da rigarsa da kwanon cinsa ya kai gidan Fasto, ya sa aka sa hannu a takarda, ya dawo gida yana jin kansa sakayau.

Kwana uku tsakani sai ga Fasto Celestine a ƙofar gida, wandonsa a yage, tsuntsun ɗaure cikin buhu. Ya ce dattawa sun zauna, sun kuma amince baki ɗaya cewa dukiyar ikilisiya tana bukatar amintaccen mai riƙo, kuma duk Samaru babu kamar Dattijo Dogara.

Haka Brian ya ƙara shekara huɗu a gidan, ba mai ikon taɓa shi. 'Yan unguwa suka koma kiran Cornelius Baban Brian, shi kuma yana amsawa. 'Yarsa Janet, da take aikin jinya a Kaduna, ta zo hutu ta ji sunan a bakin mai shayi, ta yi fushi ta ƙi cin abinci har la'asar.