Karatun Ɗiyar Ɗan Ci-rani

A ƙasar Adar kusan kowane gida yana da wanda ya tafi da wanda aka bar wa tsaro. A gidanmu wana ne ya tafi, ni aka bari. Ya daɗe a Abijan yana tallan agoguna da tabarau, ni kuma ina birnin Tawa ina buga wa mutane takardu a wani ɗan shago bayan babbar kasuwa. Da ɗiyarsa ta fari ta isa shiga jardan, wato ajin ƙananan yara da ake yi kafin lakkwal, makarantar firamare, shi da kansa ya ce a ɗauko ta da uwarta daga ƙauyenmu na wajen Bambeye, a kama musu ɗaki kusa da ni, don ƙauyen ba shi da irin wannan aji. Ya ce shi bai yi boko ba, ya ga wulaƙancin da rashinsa ya ja masa a kan iyakoki, ba ya so ɗiyarsa ta gaje shi. Na yaba masa ƙwarai, ban san aiki ya ɗora mini ba.

Aikin shi ne, duk Juma'a in ɗauki muryar yarinyar a waya in aika masa, ya ji inda karatu ya kai. Wana ba ya rubuta saƙo, ba ya karantawa, komai nasa bokal ne, saƙon murya. Abin da ban sani ba da farko, ba shi kaɗai ke saurare ba. Ɗakin da yake kwana cike yake da 'yan Adar, kuma in an sauko daga masallaci kowa yakan buɗe wayarsa jama'a su ji abin da aka aiko daga gida. Akwai wani mutumin garin Affala a cikinsu da ɗansa ke wata makarantar kuɗi. Yaron yakan zubo waƙar Faransanci tun daga kai har ƙasa ba numfashi, ɗaki ya ɗauki kabbara da sa albarka, ko da yake ba wanda ya san abin da take nufi.

Tamu kuwa, in na ce mata, "To, yi wa Baba karatu," sai ta gyara tsayuwa, ta rufe leɓe, ta ce, "Mmmm." Ta shafa ciki kamar ta ɗanɗani miya mai daɗi. Sannan ta lanƙwasa hannu ta ce, "Ssss." Wani mako a samu ƙarin "rrrr", tana murɗa hannun babur da babu shi. Ko a, be, se, da muka rera da bulala a kanmu har muka haddace, ba ta sani ba. In na nuna mata harafi na tambayi sunansa, sai ta ce Tanti ta ce ba sunansa ake so ba, kukansa ake so. Tanti ita ce malamarsu, haka yaran ke kiranta.

Ba a daɗe ba 'yan ɗaki suka sa wa wana suna, baban maciji, saboda "ssss" ɗin ɗiyarsa. Wana yana da haƙurin rana da na yunwa, amma ba shi da haƙurin dariya. Da bazara ta shigo ya aiko mini bokal, muryarsa a daƙile.

"Kai, mi taka koyo wurin ga? Ɗiyan mutane na karatu, tawa na kukan tsuntsaye. In hakan ga na, ba ni ga amfanin zaman birni. Kahin ruwa shi sauka su koma gida, innarta ta kama aikin gona. In ta girma a sa ta lakkwal ɗin ƙauye awa kowa."

Na kai wa matarsa saƙon. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanen miji da matar wa, kullum sai ta ce ni ne ragon gidanmu, mai noma da yatsa a kan inji. Ranar ba ta tsokane ni ba. Ta ce, "Yadda maigida yac ce," ta ci gaba da tsince shinkafa. Yarinyar ɗiyar fari ce, saboda haka uwar ba ta faɗin sunanta, ba ta yabonta, ba ta nuna ta damu da ita a gaban kowa. "Wagga yarinya" take ce mata. Amma ni na sha ganinta da safe tana tsaye bayan ƙyaure, tana leƙen yarinyar har ta sha kwana da 'yar jakarta. Na san ba za ta taɓa buɗe baki ta roƙi a bar su ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Ni mutum ne mai saurin hawa. Washegari na rufe shago na nufi jardan da maganganuna a jere, har da waɗanda zan faɗa da Faransanci don a san ba jahili ne ya zo ba. Na tarar da yara cike da rumfa, kowane gungu da faifai mai rairayi a gabansa. Tanti gajeruwar mace ce da ta fara manyanta, muryarta ta dishe don yawan magana. Tana durƙushe gaban wani yaro mai majina, ta kama yatsansa tana jan shi cikin rairayi, bakinta na fitar da sautin. Ta ɗaga mini hannu in jira. Na jira har fushina ya fara sanyi, abin da ya ƙara ba ni haushi.

Da ta samu sarari na zayyana mata komai, har da sunan da aka sa wa wana. Ta yi dariyar sunan, ba ta ɓoye ba. Sai na kawo abin da na ɗauka dabara ce: ta ba ni shafi guda, in sa yarinyar ta haddace a gida, in ɗauka in aika, kowa ya huta.

"Ba ni ba ka," in ji ta. "Ɗiyarku na da kai, kwana kaɗan ta haddace shi. Amma in ta gane ana tahi mata don ta hwaɗi abin da ba ta gani ba, ta bar duban takarda ke nan, sai ta riƙa duban bakin mutane. Na ga irinsu da yawa, sai sun kai aji ukku a gane ba su karanta komi."

Na ce to yanzu ta iya karatu ko ba ta iya ba?

"Ba ta iya ba tukuna. Ta san kukan haruffa da dama, ta hwara haɗa biyu-biyu. Wanka ya yi allo, ko? Tambaye shi in an hwara mishi da sura, ko da babbaƙu."

Wannan amsar ce ta kwance ni. Na zo da shirin a yi mini daɗin baki in ƙaryata, sai aka gaya mini gaskiya tsirara. Ta kakkaɓe rairayi daga zanenta, sannan ta ce in roƙa mata wana ya ba ta zuwa ƙarshen wata mai kamawa. Ranar da ya ga dama ya kira, a gaban 'yan ɗakinsu duka. Shi zai zaɓi kalma, kowace iri, ya faɗa mini a kunne, in rubuta a ƙasa, yarinyar ta karanta. Ta haka ba mai cewa hadda ce.

Na ce, "In ta kasa fa? Gaban mutane?"

"In ta kasa, gabana za ta kasawa, in san inda zan gyara. Ina zuwa."

Na fito ina jinjina ƙarfin halin matar nan. Ba abin da za ta samu in an yi nasara, in kuwa aka faɗi, sunanta ne zai zaga ɗakin 'yan ci-rani, daga can ya dawo Adar ƙauye-ƙauye. Wana ya yarda, ina jin don yana ganin gani zai kori ji, a daina ja masa rai.

Makonnin nan na zama ɗan leƙen asiri a gidan wana. Ina ganin yarinyar tana tsayawa gaban buhun siminti ko gwangwanin tumatir tana motsa baki. Wani lokaci ta haɗa, wani lokaci ta watsar ta bi sauran yara wasa. Sau da yawa bakina ya yi ƙaiƙayi in faɗa mata kalmar, in tuna Tanti ta hana. Ita kuwa ba ta ƙara wa yarinyar ko darasi ɗaya a kan na sauran yara ba. Na tambaye ta dalili, ta ce ba a jan gero don shi yi tsawo.

Ranar ta faɗo Lahadi bayan la'asar. Zafi ya yi zafi, hadari na ta haɗuwa gabas yana watsewa. Tanti ta sauka daga kabu-kabu, babur ɗin haya, da 'yar jakarta, ta ƙi kujera, ta zauna bakin tabarma. Na share wuri a tsakar gida na baje rairayi. Matar wana ta gaishe da baƙuwa, ta kawo ruwa, sannan ta koma gindin turmi ta juya mana baya da faifanta tana tankaɗe, wai ita ba ruwanta. Kafin waya ta yi ƙara Tanti ta ce mini abu ɗaya take roƙo, komai daɗewar shirun yarinyar kada wanda ya cire mata kalma daga baki.

Wana ya kira. Ina jin hayaniyar ɗaki a bayansa. Na kara wayar a kunne, ya faɗi kalmarsa, na rubuta da yatsa manya-manya, na buɗe murya na ajiye wayar kusa da yarinyar. Ta tsuguna, ta ɗora yatsa a kan harafin farko.

"G... i... gi." Ta matsa. "D... a... da."

Sai shiru. Ta koma farko. "Gi... da." Shirun ya yi tsawo har wani a can ya ce ko layi ya yanke. Na dubi Tanti, ita ko a jikinta, idonta na kan yatsan yarinyar.

"Gida," in ji yarinyar, ta ɗago tana dubana kamar ta tsinci abu a hanya. "Baba ƙarami, gida na."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce wannan ai kowane littafi da ita yake farawa, a ba ta mai wuya. Aka ba ta tabarau, ta yi ta fama har ta fito da ita, aka yi dariya don abin da suke talla ke nan. Aka ba ta ƙwarya, ta tsaya cik a harafin farko, ta dubi Tanti, idonta ya kawo ruwa. Tanti ta sunkuya kan wayar.

"Salamu alaikum, ni ta malamarta. Wanga harahi ba mu kai gare shi ba, sai wata mai zuwa. Ba laihinta na ba. Ku ba ta wata."

Ba ta ƙara ko kalma ta kare kanta ba. Sai wata murya ta ce a rubuta mata Kalfu, garinsu. Ta karanta. Mutumin Affala, uban mai waƙar Faransanci, ya karɓi wayar da kansa ya ce a sa nasu. Ta yi ta jan sautin farko, ta haɗa, ta ce, "Affala." Sai na ji ya ce, "Allah shi yi albarka," a hankali. Daga nan kowa sai ya ce a sa nasa ƙauyen. Manyan mutane masu gemu, wasu sun yi damina biyu ba su ga gida ba, suna layi don su ji 'yar shekara biyar ta kira sunan garinsu daga cikin rairayi. Ina sharewa ina rubutawa.

Yarinyar ta fara gajiya, tana sosa ƙafa. Tanti ta ce a yi ta ƙarshe. Wana ya ce in rufe murya in ɗauki wayar. Na kara a kunne. Muryarsa ta canza, sai da ya yi gyaran murya sau biyu kafin ya faɗi abin da yake so, kuma ba kalma ɗaya ba ce. Na share rairayin sosai, na rubuta, na mayar da wayar ƙasa.

Ta ɗora yatsa. "A... n... an." Ta matsa gaba. "Fa... sa. Fasa." Ta ja numfashi, ta share hanci da bayan hannu. "Ta... fi... ya." Ta koma farko ta bi su a jere, yadda aka koya mata. "An fasa tafiya."

A gindin turmi tankaɗe ya tsaya.

Yarinyar ta dube ni, ta dubi Tanti. Ba wanda ya taɓa gaya mata akwai wata tafiya. "Tahiyar wa?" ta tambaya.

Tanti ta miƙe tana neman takalmanta, ta ce wa yarinyar gobe kada ta makara. Uwar ba ta juyo ba. Ta kai gefen mayafinta ga fuska, ta daɗe a haka, sannan ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba, "Wagga yarinya, tashi ki wanke hannunki, ki raka malamarku bakin hanya."