Hular Gashi a Bangon Ofishin Lauya

A ɗakin jira na lauyar da ke riƙe da maganar takarduna na zama a ƙasar waje, can wajen Gate City Boulevard, akwai wani tsohon zane na Turawan Ingila, wanda ya haura shekara ɗari biyu. An zana lauya da hular gashi da baƙar riga, ƙaton tumbi a gaba, yana sharar barci a kan tulin takardu. Mai ƙara na tsaye a gabansa, hula a hannu, har gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin gemunsa da teburin.

Ranar farko na yi dariya sosai. Na ce lallai matar nan ba ta da kunya, ta rataye zagin kanta a bango. Ban gaya mata cewa ina da irin hular nan ba, tana cikin akwati a Kano. Shekara tara na yi ina sa ta a aikin lauya kafin in zo nan in koma ɗaga kwali a sito.

Zuwa na huɗu, dariyar ta ƙare. Lokacin Inna na kwance ba lafiya a gida, ni kuwa in na fita daga ƙasar nan kafin hukuma ta saurari maganata, ba dawowa. Ina kallon mai gizo-gizon sai na tuna wani dattijo da na taɓa riƙe wa shari'ar gona. Tun asuba yake shigo mota daga ƙauye, da rigarsa guda ta fita kunya. Sau da yawa ni nake roƙon alƙali ya ɗage zaman, don kawai ban buɗe fayil ɗinsa ba. In na fito sai in ce, "Baba, sai haƙuri, an ɗage." Da wannan "an" ɗin nake ɓoye kaina.

Aka kira ni ciki. Lauyar ta duba kwamfuta, ta ce an sake tura ranar sauraron maganata gaba, sai wata shekara. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na so in tambaye ta, wa ya tura, hukuma ko ke?

Ban tambaya ba. In ta yi fushi, wa nake da shi? Na miƙe, na ɗan rusuna, na yi mata godiya har sau biyu. A bakin ƙofa na tuna dattijon nan ma kullum sai ya yi mini godiya, ni kuma ina ɗauka daɗi ya ji.