Tsohuwar da ke Gaida Ruwa

Duk Asabar a lokacin sanyi nakan zo bakin dam ɗin da ke bayan Kubwa da madubin hangen nesa, in kalli tsuntsayen da suka gudo daga sanyin Turai. Yau na tarar an riga ni.

Wata tsohuwa ce 'yar Gbagyi, siririya, da ƙwarya a kafaɗa kamar yadda matansu ke ɗaukar kaya. Zanenta ya jiƙe har gwiwa. Tana ɗibar dawa tana watsawa can cikin ruwa, ba wajen agwagin da ke iyo a gefe ba, kuma ko ɗaya bai taso ya ci ba. Sai ta durƙusa tana gaisuwa da yarensu, tana ɗan dakatawa kamar mai jin amsa.

Can tsakiyar ruwa akwai busasshen itace, zalɓe na tsaye a kansa, ko motsi ba ya yi. Ina ɗaga madubina, ta yi magana ba tare da ta waiwayo ba.

"Oga, sauke wannan abu. Ba a leƙa gidan mutane."

"Wane gida, Mama? Ai ruwa ne."

"Itacen nan ƙofar babana ne. Mu an kwashe mu, shi yana ƙasa."

Ina jin kafin dam ya cinye ƙauyensu aka binne shi. Na sauke madubin. Ruwan nan ne ke zuwa famfon gidana. Da shi na yi alwala ɗazu.