Taimamar Kawu

Ni ɗan Kano, wanda bai taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi, wai ni aka tura Guangzhou karatun lakar ƙarƙashin teku, can ƙarshen shekarun casa'in. Malamina ya damƙa mini 'yar lakar da aka haƙo daga tekun arewa. Na wanke, na tace, na busar, ta koma rairayi fari tas, na raba a ƙananan kwalabe, kowace da zurfin da ta fito. Cikin rairayin akwai ɓawon wasu ƙwarin ruwa mitsi-mitsi. Da su ake gane lokacin da tekun ya yi ɗumi farat ɗaya a zamanin ƙanƙara, da lokacin da ya koma sanyi. Jerin kwalaben nan shi ne digirina, kuma babu sauran laka.

Da hutun sabuwar shekarar 'yan China aka rufe ɗakin bincike, sai na kwaso su ɗakina don kada aiki ya tsaya. A makon ne kawuna ya sauka, ya zo sarin riguna a kasuwar Guangyuan da ke garin. Ya ƙi otal, wai ai yana da ɗa a gari.

Ran nan na fita sayo mana abinci. Na dawo na tarar da shi kan sallaya, ga farantin shayina cike da rairayi, da shatin tafukansa biyu. Kwalabe a jere, wayam.

"Kawu, me ya faru nan?"

"Famfo ya ɗauke. Na tambayi mai gadi ruwa, ya ce meyo, babu. La'asar na neman kuɓucewa, ɗakin nan ko dutse babu. Allah ya yi maka albarka da ka tanadi ƙasa mai tsabta."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma wa ya isa ya ɗaga wa kawu murya? Na haɗiye, na durƙusa ina yi masa bayanin wata bakwai na wahala, da zurfi, da ƙwari. Can sai na ga hankalinsa ya tashi, na ce yauwa, ya gane.

"Ƙwari? Matattu? Wato da mushe na yi taimama?"

Na ce halittar ruwa ce, ba najasa ba ce.

Ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi, ashe ba a yi asara ba."

Shekara guda cur na ƙara a garin nan, kuma har ya rasu yana gaya wa mutane karatun China ne da tsawo.